Gajera ce ko Gajiya Ta Yi? Darasin Ɗaga Hilux Tsakanin Boɗinga da Shagari

A watan Yulin bara, bayan ruwa ya zauna, na ɗora buhu 12 na takin zamani a bayan Hilux ɗina daga Boɗinga, na nufi gonar gidanmu da ke ƙasar Shagari. Tafiyar kashi biyu ce. Kashin farko kwalta ce, babbar hanyar nan da ta taso daga Sakkwato ta ratsa Boɗinga da Shagari ta wuce Tambuwal da Jega. Kashi na biyu kuwa, daga inda ake sauka kwalta, hanya ce da amalanke da kofaton shanu suka shata: yashi a tudu, laka a kwari, ga kuma wani mashigi da ruwa yake ƙara zaizayewa duk damina.

A wannan mashigin na kafe. Gaban motar ya haye lafiya, amma da baya ya zo fita sai na ji ƙarar ƙarfe ya daki ƙasa. Tayar safaya da ke rataye ƙarƙashin bodi ta nutse a gaɓa, ƙafafun baya suna ta juyawa a banza. Kowane buhun taki kilo 50 ne, wato kilo 600 ke nan a baya, ban da mu uku da ke ciki. Muka sauke kayan, muka nemo masu jakuna. Kafin su gama kwashewa hadari ya taso, buhu biyu suka jiƙe. Duk wanda ya san takin yuriya ya san abin da ruwa yake yi masa. Geron da ke jiran takin ya samu rabin abin da aka yi masa tanadi a wani sashe na gonar, ni kuma na koma gida da niyya ɗaya: sai na ɗaga motar nan.

Akwai wani dattijon makaniki a Boɗinga da ke duba motocin gidanmu tun zamanin mahaifinmu. Na je na same shi na ce, "Baba, so nake a ƙara wa motar nan tsawo." Bai amsa ba sai da ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinta, ya shafa sifirin ɗin baya, ya ɗauko tef ya auna daga tsakiyar wili zuwa leɓen bodi, hagu da dama. Sannan ya miƙe ya ce, "Ɗana, motag ga ba gajera ta ba, gajiya ta yi. Mi kaka ɗora mata kullum?"

Na ɗauki tambayar a matsayin irin jan rai na tsofaffi. Bayan mako guda na shiga Sakkwato na sayo kayan ɗagawa mafi araha, aka ɗaura mini su cikin yini ɗaya. Motar ta miƙe, ta yi kwarjini, har wasu abokan aiki suka ɗauka sabuwa na saya. Wanda ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba.

Kafin in faɗi abin da ya biyo baya, ya kamata mai karatu ya san yadda ƙafafun irin wannan a-kori-kura suke, domin duk bambancin kayan ɗagawa daga nan ya samo asali. A Hilux, tun daga samfurin 2005 har zuwa wanda ya fito a 2015, gaba da baya ba gininsu ɗaya ba. A gaba, kowace ƙafa cin gashin kanta take: hannuwa biyu na ƙarfe, na sama da na ƙasa, suna riƙe da ita, ga sifirin mai naɗi ya zagaye shokazoba. Tulun da ke raba ƙarfin inji ga ƙafafun gaba a jikin casis yake ɗaure, shaf biyu masu gaɓoɓi ne ke kai ƙarfin ga tayoyi. A baya kuwa, aksul ne guda ɗaya miƙaƙƙe, tulunsa a tsakiya, sifirin mai falle-falle yana zaune a kansa. Aikin ya kasu biyu: sifirin shi ke ɗaukar nauyi, shi ke yanke tsawon mota, shokazoba kuma aikinta ta hana sifirin yin ta rawa bayan an faɗa rami.

Kayan da na saya su ne kashi na farko cikin huɗu da ake samu. Zobe ne na ƙarfe ko na roba mai tauri da ake sakawa saman shokazobar gaba, da kuma bulo na ƙarfe da ake cusawa tsakanin aksul da sifirin ɗin baya. Wasu maimakon bulo sukan sa doguwar maratayar sifirin, wadda ke ɗaga mota kimanin rabin tsawon da aka ƙara mata. Da yake shokazobar gaba a tsakiyar hannun ƙasa take tsaye, zobe mai kaurin milimita 25 yakan ɗaga gaban mota kusan ninki biyu na kaurinsa. Arahar abin da saurin ɗaura shi su ke jan mutane. Sai dai tsohon sifirin yana nan yadda yake, tsohuwar shokazoba ma haka. Kamar a ɗora wa jakin da ya gaji doguwar akumari ne: mahayi ya ƙara tsawo, jaki bai ƙara ƙarfi ba. Har ila yau zoben yana tura ƙafar gaba ƙasa fiye da inda aka tsara mata, ta yadda idan taya ta faɗa rami, gwiwar hannun sama ce ke shan wahalar. Bulon baya kuma yana nesanta aksul da sifirin, sai aksul ya riƙa murɗawa duk lokacin da aka taka mai da ƙarfi a cikin yashi, motar ta riƙa tsalle a wuri ɗaya.

Kashi na biyu shi ne ɗaga bodi kaɗai. Ana kwance bodi daga casis, a sa masa matashi a kowace mahaɗa, a mayar. Daga nesa motar ta yi tsawo, amma duk abin da ke ƙarƙashi, da inji da giya da casis, yana nan inda yake. Amfaninsa ɗaya: yana buɗa wa manyan tayoyi wuri. Ga wanda matsalarsa cikin mota ne ke dukan ƙasa, wannan ado ne kawai, ga kuma sandar sitiyari da wayoyi da bututu da dole a duba ko sun ɗaure.

Kashi na uku shi ne cikakken canji: sabon sifirin gaba da baya, da sababbin shokazoba huɗu da aka ƙera domin su, da robobin mahaɗa da ƙarafunan ɗaure sifirin. Sanannun masu yin irin wannan, kamar Old Man Emu na kamfanin ARB, da Ironman 4x4, da Dobinsons, da Tough Dog, duk na Ostareliya ne, ƙasar da ke da dogayen hanyoyin ƙasa masu gargada da zafi mai kama da namu. Bilstein na Jamus kuma ya yi suna wajen shokazoba. Ɗagawar da irin waɗannan ke bayarwa ga Hilux ba ta cika wuce milimita 40 zuwa 50 ba, wato inci biyu. Abin da ya ba ni mamaki da na zauna na karanta takardunsu shi ne, ba sa fara tambayar mai mota tsawon da yake so. Suna jera sifirin ne bisa nauyin da zai zauna a kansa kullum: na mota marar kaya, na mai matsakaicin kaya, na mai ɗaukar kilo ɗaruruwa dare da rana. Tambayar da dattijon Boɗinga ya yi mini ke nan, da na yi wa kunnen uwar shegu.

Kashi na huɗu shi ne babbar ɗagawa, inci uku zuwa sama, irin wadda ake gani a hotunan motocin Amurka. Ga mota mai ƙafafun gaba irin na Hilux, da zarar an wuce inci biyu sai kashe kuɗi ya riƙa haifar da kashe kuɗi. Dole a canza hannuwan sama domin a iya saita ƙafafu, a sauko da tulun gaba domin shaf ya rage karkata, a ƙara tsawon bututun birki, a duba farfela. Kuma kowane ƙarfe na musamman da aka ɗaura, ƙarfe ne da ba za a same shi a shagon kayan mota na Shagari ko Yabo ba ranar da ya karye. Land Cruiser 79, mai miƙaƙƙen aksul gaba da baya, ta fi jure irin wannan wasa, amma ita ma da iyakarta.

Akwai kuma dabararmu ta gida, wadda ta cancanci a ambace ta da mutunci: ƙara falle ɗaya ko biyu a sifirin ɗin baya, ko a kai tsohon a sake lanƙwasa shi. Ƙarin falle yana ƙara ƙarfin ɗaukar kaya da gaske, saboda haka ya fi bulo ma'ana. Illarsa ita ce, idan babu kaya motar takan yi tauri kamar amalanke, baya ya riƙa tsalle a gargada, kuma tsohuwar shokazoba ba ta iya riƙe sifirin da ya fi ƙarfinta. Sake lanƙwasawa kuwa, idan ba a gasa ƙarfen yadda ya kamata ba, bayan 'yan watanni yakan koma yadda yake.

Ni dai da zobe da bulo na shiga rani. A watan Maris muka kwashe albasar fadama, na loda buhuna har suka zarce rufin motar, ƙanena yana gefena. Da la'asar sakaliya, a kan kwalta tsakanin Shagari da Boɗinga, wani jaki ya faɗo hanya. Na kauce dama, na dawo hagu, abin da na sha yi a rayuwata ta tuƙi. Wannan karon motar ta kwanta gefe guda, ta dawo ta kwanta ɗaya gefen fiye da na farko, na ji sitiyari ya yi sakayau a hannuna. Ƙanena yana ta salati. Allah ya kiyaye, babu mota a ɗaya hannun, ta daidaita da kanta bayan lilo na uku. Na gangara gefen hanya na kashe inji, muka daɗe zaune ba wanda ya ce uffan. Can ya ce, "Yaya, da can motar nan ba ta yin haka."

Gaskiya ya faɗa, kuma dalilin ba boyayye ba ne. Kowace mota tana da cibiyar nauyi, kuma tsayuwarta a kwana ta dogara ga abu biyu: faɗin da ke tsakanin tayoyinta, da nisan wannan cibiya daga ƙasa. Ɗagawa tana ƙara nisan, ba ta ƙara faɗin. Masu jakuna sun daɗe da sanin wannan, shi ya sa mangala take rataye ƙasa-ƙasa a gefe biyu, ba a tara kaya a tsakiyar gadon baya kamar hasumiya. Ni kuwa na haɗa laifi uku wuri ɗaya: na ɗaga mota, na tula kaya sama, na kuma bar shokazobar da ta mutu wadda ba ta iya kashe lilo. Laifin ba na wanda ya sayar mini da kayan ba ne, abin da na nema ya ba ni.

Da na koma wurin Baba, bai ce mini komai game da maganarsa ta farko ba. Ya nuna mini robar gaɓar shaf ta dama, ta tsage, man giris ya fantsama, yashi ya shiga. Ya nuna mini tayoyin gaba, sun cinye ta gefe ɗaya, domin ba a saita ƙafafu bayan ɗagawar ba. Sannan ya kwanta ƙarƙashin baya, ya ɗora tafin hannunsa tsakanin tulun aksul da ƙasa, ya ce in auna. Tazarar tana nan yadda take tun kafin in kashe ko sisi.

Wannan ita ce gaskiyar da masu tallar kayan ɗagawa ba su cika farawa da ita ba. Tulun aksul ɗin baya na cikin wuraren da suka fi kusa da ƙasa, kuma a kan tayoyi yake zaune, sifirin yana samansa. Ko inci nawa aka ɗaga mota, shi ba ya motsawa. Idan hanya ta yi sawu biyu masu zurfi da tudu a tsakiya, irin wanda tarakta ke bari a laka, tulun ne zai fara kafewa. Abin da ke ɗaga shi kawai shi ne babbar taya, kuma lissafin yana da sauƙi. Taya mai lamba 265/65R17, wadda Hilux da yawa ke zuwa da ita, tsayinta kimanin milimita 776 ne. Wadda ke gaba da ita, 265/70R17, kimanin 803. Bambancin milimita 27 ne, rabinsa kuma, wato 13, shi ne abin da tulun zai samu. Faɗin ɗan yatsa ke nan. Farashinsa kuwa: agogon gudu zai riƙa nuna ƙasa da gaskiya da kusan kashi 3 cikin 100, inji zai ɗan ƙara nishi a hawa, mai zai ɗan ƙara tafiya.

Yashi kuma, wanda shi ne rabin wahalar hanyoyinmu daga kaka zuwa bazara, tsawo ba ya maganinsa. Maganinsa rage iskar taya. Idan aka sauko da ita zuwa wajen awo 20 a gejin mai faci, ko sama da haka kaɗan idan akwai kaya, tafin tayar yakan tsawaita, nauyi ya bazu, kamar yadda faffaɗan tafin raƙumi ke hana shi nutsewa. A sa giyar taimako, wadda direbobi ke kira ogzilari, tun kafin a shiga yashin, a riƙe gudu ɗaya, a guji karya sitiyari da ƙarfi. Sharaɗin shi ne a mayar da iskar kafin a hau kwalta, domin taya mai ƙarancin iska tana ɗaukar zafi a gudu har ta fashe. Geji da ɗan famfo mai aiki da batirin mota sun fi kowane zobe araha, kuma sun fitar da ni daga wurare da yawa.

To me ɗagawa take saya wa mutum? Tana ɗaga ƙirjin mota da tsakiyar cikinta da gindinta, ta yadda za ta shiga mashigi ta fita ba tare da ta daki gaɓa ba. Wannan amfani ne na gaske, kuma shi nake bukata. Amma abin da ya kafe ni a watan Yuli tsawon da motar ta rasa ne a ƙarƙashin kilo 600, saboda sifirin ya miƙe ya zama kamar faranti. Tsawon da ke da amfani shi ne wanda ya rage bayan an gama lodi. Mota mai bulo tana da tsawo a gaban ofis. Da kaya sun hau, sifirin ya zauna a kan robar tsayawa, duk wani rami sai casis ya sha shi kai tsaye.

Na cire zobe da bulo, na tara kuɗi na wata biyu, na ɗaura cikakken canji na inci biyu. Wajen zaɓen sifirin ɗin baya na ɗauki na matsakaicin kaya, domin da na yi lissafi na gaskiya, kwanakin da nake ɗaukar taki ko albasa ba su kai kwanakin da motar ke zirga-zirga wayam tsakanin Boɗinga da Sakkwato ba. Da na ɗauki mafi ƙarfi, da mahaifiyata ce za ta biya kuɗinsa da bayanta duk ranar da zan kai ta asibiti. A gaba na bar sifirin marar nauyi, tun da ban ɗaura ƙaton bamba ko injin janwe ba. Wajen shokazoba na ba zafi muhimmanci. Aikinta mayar da girgiza zafi ne a cikin mai, kuma a gargada mai tsawo, a watan Afrilu da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, man yakan yi kumfa ta daina riƙewa. Mai bututu ɗaya ta fi saurin huce zafi, amma idan dutse ya lotsa jikinta ta tashi aiki. Mai bututu biyu ta fi jure duka. Na ɗauki mai bututu biyu mai faɗin jiki. Na kuma ƙi na hannu, domin shokazobar da ta mutu da mai rai kamanninsu ɗaya bayan an wanke an shafa fenti.

Aikin bai ƙare da ɗaurawa ba. An saita ƙafafu. An sauko da fitilun gaba, domin motar da aka ɗaga tana haske idon mai zuwa. A tsofaffin samfura akwai wani famfo a baya da ke auna nauyin kaya ta tsawon mota ya raba ƙarfin birki. Idan aka ɗaga ba a gyara sandarsa ba, sai ya ɗauka motar wayam take ko da cike take, birkin baya ya ragu. Bayan 'yan ɗaruruwan kilomita na koma aka sake ɗaure notunan sifirin. Kuma Baba ya ja mini kunne kan abin da na fi son in manta: sabon sifirin bai ƙara wa motar izinin ɗaukar kaya ba. Iyakar da masu ƙera ta suka rubuta, wadda ga irin tawa ba ta wuce wajen tan ɗaya ba har da mutanen ciki, ta shafi birki da aksul da tayoyi, kuma waɗannan ba su canza ba.

Ga wanda ke tunanin ɗaga tasa, shawarata ta fara da tef. Ya auna daga tsakiyar wili zuwa leɓen bodi a wuri mai laushin shimfiɗa, motar wayam, sannan ya ɗora kayan da ya saba ɗauka ya sake aunawa. Ya leƙa ƙarƙashi ya ga inda ƙasa ta goge fenti, domin wurin zai gaya masa ko gindi ne ke duka, ko ciki, ko tulu. Idan gindi ne da kaya, sifirin yake bukata. Idan tulu ne, taya ce, ko kuma sauya layin da yake bi. Idan nutsewa yake a yashi, geji zai saya. Idan kuwa babu ko ɗaya, kwarjini kawai yake so, to ya sani da cibiyar nauyi zai biya.

Damina ta sake zagayowa. Na isa mashigin nan da buhu 12 kamar bara, na tsaya, na naɗe wando na shiga ruwan da sanda, domin tsawon mota ba ya hana ruwa mai gudu ya ɗauke ta, kuma ƙasan mashigi ba ya zama yadda aka bar shi. Ruwan bai kai gwiwa ba, ƙasa da tauri. Na rage iska, na sa ogzilari, na shiga a hankali. Gindin motar ya wuce gaɓa da tazarar da ƙanena, wanda ya durƙusa yana kallo, ya ce ta kai tafin hannu. A wannan yammacin aka zuba wa gero takinsa, duka 12.